Godiyar Da Ta Ƙone Rumbun Nomau

Ran da na gane akwai abin da ya ɓaci, Inna mai fura ce ta wuce ƙofar ofishinmu a Isa ba ta yi sallama ba. Shekara biyu, kullum da hantsi sai ta sauke ƙwaryarta gindin tsamiya, ta leƙo inda nake buga tafireta ta ce, "Malama mai daka ba turmi, har yanzu garin bai yi laushi ba?" Ranar na kira ta sau uku. Ta ja mayafi ta ƙara sauri. Na fito in bi ta, sai na taka wani abu a bakin ƙofa. Katunan godiya ne guda uku, waɗanda ni da hannuna na rubuta sunayen masu su mako biyu kafin nan, an maido su an danne da dutse. Ɗaya an huda hoton raƙumin dawan da ke jikinsa, daidai wuya. Ban buƙaci a gaya mani bakin kibiya ne ya yi hudar ba.

Malamarku ta aiko in rubuto maku labarin aikina, wai ku 'yan ajin ƙarshe da yawanku kuna cewa in kun fita irin aikin Kulu za ku nema: zama a inuwa bisa kujera, ana danna ƙarfe ana rubuta na gode. To za ni rubuta, amma ban ce irin wanda take so a karanta maku ranar rabon kyauta ba ne.

Aikin da na fara yi a ofishin shi ne sa ƙugiya. Tafiretarmu daga Ingila ta zo, ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba. Sai ki buga shafi duka a bisa takardar kaki, ki zare ta, ki ɗaga ta wajen hasken taga, ki bi layi layi da wani tsinken ƙarfe kina lanƙwasa wa kowane harafi ƙugiyarsa. In hannu ya yi nauyi kakin ya yage, tawada ta zubo ta nan ta ɓata kofi ɗari. In kin yi kuskure akwai wani jan ruwa mai wari a 'yar kwalba, ki shafa, ki hura, ki jira ya bushe. Daga nan ki ɗaura takardar a gangar injin juyi ki yi ta murzawa da hannu har kafaɗa ta mutu. Da rani tawada ta tsinke kamar ruwa, da damina takarda ta sha sanyi ta manne biyu biyu. Gara kuma tana cin duk abin da kika aje ƙasa.

Wanda ya koya mani duk wannan Baba Akawu ne, Bayaraben Ilori, ya tsufa yana aikin akawu a kantunan gyaɗa kafin ya dawo wurinmu. Kun san tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, to ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai "baiwata". Ni ma "bawan Gobir" nake ce masa in Baturiyar ofishinmu ba ta kusa. A makona na biyu na buga kan takarda, na yi ta sa ƙugiya cikin zumuɗi har na wuce gona da iri. Ƙungiyarmu ta kare namun daji ce. Ni kuwa na sa wa kare ƙugiya. Ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, "Ƙungiyar ƙare namun daji!" Ya yi dariya har ya zauna bisa akwati. "Baiwata, kin faɗi gaskiyar Gobirawa. Ku da kun ga nama ai sai kun ƙare shi." Tun ranar na zama mai tsoron ƙugiya. Nakan duba kowane shafi sau uku.

Amma dokar da ya fi nanata mani ba ta ƙugiya ba ce. Ya ce duk takardar Hausa da za ta fita ofishin nan, kafin a ɗaura ta a inji, a karanta wa wanda bai taɓa shiga aji ba. Shi Inna mai fura yake karanta wa. Sai ya tsayar da ita, ya sayi furar da ba zai sha ba, ya karanta mata shafi, sannan ya ce, "Inna, me aka ce?" In ta faɗi abin da muke nufi, a buga. In ta faɗi wani abu dabam, a yage. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni. Ni da na zo ta ɗaya a Hausa a ajinmu, a ce mai fura ce za ta duba mani aiki?

Ƙungiyar ta wasu mutanen Ingila ce masu son dabbobi. Matar Baturen daji ce ke riƙe da reshenta a nan, muna ce mata Uwargida. Abin da ya dame ta raƙuman dawa ne masu gangarowa daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, su bi bakin gulbi, sai jimina, da barewa, da gaurakan fadama. Babban aikinmu na shekara takarda ɗaya ce da muke fitarwa bayan kaka. Rabinta na sama nasarorin shekara, rabinta na ƙasa godiya ga waɗanda suka taimaka. Ta Turanci a sa ta a jirgin ruwa, ta je wa tsofaffin mata a Ingila da ba su taɓa ganin raƙumin dawa yana cin waken talaka ba. Su labari mai daɗi suke so, da hoto. Ta Hausa kuwa a aika kasuwanni, Isa da Bafarawa da Sabon Birni, malamin kasuwa ya karanta, sankira ya ɗauka ya maimaita da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kowa da aka ambata kuma a aika masa kati.

Jera sunayen nan kaɗai sana'a ce. Ki sa dagacin wannan gari sama da na wancan, ki ga manzo a ƙofa kafin mako ya zagayo. Wani ya ba da dami ɗaya na harawa yana son sunansa da manyan baƙaƙe. Wani ya bar gauraka ta yi sheƙa a gonarsa bai kore ta ba, shi ma sai an faɗa.

Akwai mutum ɗaya da bai taɓa tambayar inda sunansa zai shiga ba, Baba Nomau na Kamarawa. Manomi ne, tsoho, gero da dawa kawai ya sani. Wata ranar kasuwa ya shigo da abu naɗe a rigarsa, ya kwance a tsakar ofis, sai ga jaririyar barewa tana makyarkyata. Uwar ta mutu a tarko. Uwargida ta durƙusa tana ta surutu da Turanci, ta ɗauko madarar gwangwani, barewa ta ƙi. Nomau ya kalle ni ya ce, "Ɗiyata, gaya mata wagga ba ta shan abin gwangwani. Akuyata ta haihu, bari in koma da ita." Ya koma da ita a ƙafa. Wata huɗu akuyarsa na shayar da ita. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ya tsaya bakin taga ya ce, "Malama, a gaya ma Uwargida ɗiyarta ta hwara ƙaho. Kuma ta cinye mani ramar bayan ɗaki, a hwaɗa mata ɗiyarta ba ta da kunya." Da ta girma ya kawo ta, aka sa ta a lambun Uwargida. Ko goro bai karɓa ba.

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya yi kai bai cika ba. Mutane suka koma daji neman abin miya, raƙuman dawa su kuma suka shigo gonakin wake suna cinye ɗan abin da ya saura. Maharban Kamarawa suka kada ɗaya, gari duka ya ci. Ba wanda ya kai ƙararsu. Ma'aikacin daji ne da kansa ya ga fatar shanye a bisa danga, ai fatar raƙumin dawa ba ta ɓoyuwa. Aka kama maharba shida aka ɗaure. Ɗaya daga cikinsu, Mainasara, ciwon ciki ya kama shi a gidan yari, ya rasu kafin ya cika wa'adinsa. Tun daga ranar, daga Kamarawa har Bafarawa, tambaya ɗaya mutane ke yi wa juna: wa ya kai rahoto? Ni ina ofis ina sa ƙugiya, ban ji ba.

Takardar shekarar ni kaɗai na yi ta. Baba Akawu ciwon ido ya mai da shi Ilori tun kafin kaka. Uwargida ta rubuta tata da Turanci, ta miƙo mani in juya. Sama ga nasarori: tarkunan da aka kwashe, sheƙunan gauraka da aka tsare, raƙuman dawan da aka gani, sai layi na ƙarshe, maharban da aka hukunta. Ƙasa da wannan layin, ba ko tazara, sai godiya. Ita dai abin da ta ce, tana gode wa waɗanda suka taimaka har takardar shekara ta samu abin faɗa. Kalmar da suke kiran irin wannan takarda da ita, mu a makaranta an koya mana fassararta rahoto ce, kamar rahoton da akan kai wa iyayenku ƙarshen zango. Sai na rubuta: "Muna godiya ta musamman ga waɗannan mutane, waɗanda ba don taimakonsu ba da rahoton bana bai yiwu ba." Sunan farko, saboda barewa, Nomau na Kamarawa.

Motar gyaɗa mai ɗaukar wasiƙu za ta tashi da azahar. Inna ta zo da hantsi, ta yi mani tsiyarta ta kullum, na sayi fura, takardar na gabana bisa tebur. Na dube ta na dubi Inna, na ce a raina yau ba lokaci. Na duba ƙugiya sau uku, ba wadda ta ɓace. Uwargida ta zo ta tsaya bayana ta ce in ƙara layi ɗaya a gindi, tana son mutane su san ɗiyar ƙasar nan ce ta yi aikin. Na ƙara: "Kulu ɗiyar Malam Bawa ta Isa ce ta rubuta." Har daɗi na ji.

Ku da kuke aji, in an ce rahoto takarda kuke gani. A ƙauye rahoto abu ɗaya ne tak: mutum ya saɗaɗa wurin Bature ko ɗan doka ya tona asirin ɗan'uwansa. Na san haka. Ina ƙarama na ji ana zagin wani da ɗan rahoto. Shekarun da na yi a makaranta ne suka danne wannan, suka ɗora tasu a kai.

Kawuna Arzika, ƙanen innata, falke ne mai kai kaya Maraɗi, yana kasuwar Bafarawa ran da aka karanta. Shi ya ba ni labari daga baya. Malamin kasuwa ya karanta maharban da aka hukunta. Ya karanta layina. Sankira kuwa ba ya ɗaukar doguwar magana, gajarta ta yake. Ya sa hannu a kunne ya kwarara, "Ana gode ma Nomau na Kamarawa! Ba don shi ba da rahoton bana bai yiwu ba!" Kawu ya ce yayan marigayi Mainasara, wani maharbi da ake kira Jaɓɓi, yana tsaye wurin masu gishiri. Ya aje abin da ya saya ya fita kasuwar.

Ranar da aka maido katunan, kafin la'asar sauran labarin ya iso. An ƙone rumbun Nomau da rana tsaka, da ɗan geron da ya samu a shekarar. An harbe akuyar. Shi da iyalinsa sun tsallaka ƙasar Faransa da abin da ke jikinsu. Sauran da aka ambata sun je gaban dagaci sun dafa Alƙur'ani, aka ƙyale su. Jaɓɓi kuma ya faɗa a gaban mutane cewa Nomau ya faɗa, Kulu ta rubuta, takarda ta kashe ƙanensa, saura hannun da ya rubuta.

Na shiga wurin Uwargida na bayyana mata. Ta saurara, ta riƙe hannuna, ta ce abin baƙin ciki ne ƙwarai, amma ai kalma ɗaya ce, baɗi sai mu sa wata. Ta ce za ta gaya wa mijinta a kama wanda ya yi barazanar. Na roƙe ta kada ta yi, don in aka sake kama wani maharbi saboda ni, to rahoton ya tabbata. Ba ta gane ba. Ta tambaye ni ko na ga alamar za su iya hauro lambu su taɓa barewar.

Kawu Arzika ne ya fitar da ni. Washegari da safe ya sa na tuɓe takalmi da agogo, na ɗaura zanen matarsa, na ɗauki tallen daddawa a ka, na shiga cikin matan ayari. Haka muka bi hanyar Sabon Birni, muka ratse Unguwar Lalle, gidansa. Kwana goma sha tara na yi a ƙuryar ɗakin matarsa, bayan tukwanen ruwa. Ban taka tsakar gida da rana ba. In aka yi sallama a zaure sai in tsaya da numfashi har in ji muryar wa ce. In kare ya yi haushi a bayan danga sai in ƙara maƙalewa bayan tukwanen, don maharba da karnuka suke yawo. Kibiyarsu dafi gare ta, ba sai ta shiga da nisa ba, ƙwarzane ya isa. Nakan zauna in lulluɓe hannun damana da zane, ban san amfanin hakan ba.

In dai sai kun yi aikin nan, to ga abin da nake da shi. Ƙugiya kowa na iya koya cikin wata guda. Abin da ba a koyarwa a aji shi ne takarda ba ta tsayawa inda kuka aje ta. Za ta je kasuwa, sankira zai gutsure ta, wanda ɗan'uwansa ya mutu zai ji ta da nasa kunnen. Kada ku sa sunan mutum ƙarƙashin labarin kamu, ko yabonsa za ku yi. Kada ku gode wa kowa a bainar jama'a sai kun tambaye shi. Kuma ku nemi mai furarku ku karanta mata, ko mota za ta tafi ta bar ku.

Sau uku Kawu yana zuwa wurin Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, da goro. Na farko bai karɓa ba. Na biyu ya karɓa ya sallame shi. Na uku ya ce shi ba ya yanke magana a kan wanda bai ji bakinsa ba, zai zo da kansa.

Ya zo ranar Laraba bayan azahar, shi da dattawa biyu da Jaɓɓi. Aka shimfiɗa masu a zaure. Matar Kawu ta rako ni har bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su. Jaɓɓi bai amsa ba, kwarinsa na rataye a kafaɗa, ko saukewa bai yi ba.

Sarkin Baka tsoho ne ƙanƙane, muryarsa ba ta tashi sama. Ya ce, "Ke ta Kulu?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ke kinka rubuta takardag ga?"

"Ni ce."

"To hwaɗa mani, wane rahoto Nomau yak kai maku?"

Na ce Nomau bai kai komai ba sai barewa. Na ba su labarin akuya, da ramar bayan ɗaki, da fatar da aka gani a bisa danga.

Jaɓɓi ya ce, "Ƙarya ta kai, Sarki. In barewa yak kai, don mi ba ta rubuta barewa ba?"

Sarkin Baka ya ɗaga masa hannu. Ya ce da ni, "Ke, in an ce maki rahoto, mi kika ji?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da na haddace a aji. Na ce rahoto bayani ne da ake rubutawa a kan aikin da aka yi cikin wani lokaci, kamar shekara ko zango, don a sanar da waɗanda abin ya shafa.

Sai ɗaya dattijon ya ce, "Mi tac ce?" Ɗayan ya ce, "Wai zango. Ko ayari ta ka nuhi?" Suka yi dariya, ba irin wadda ake tayawa ba. Sarkin Baka bai yi ba. Ya sa na maimaita, na maimaita kalma da kalma. Ya daɗe yana kallon tsagar Gobir da ke kumatuna.

Ya juya ga Jaɓɓi ya ce, "Ka ji da kunnenka. Wagga ba munahuka ba ta. Munahuki ya san abin da ya ka hwaɗi. Ita an ɗauke ta tana ƙarama an juye mata kunne. Tsaga tamu ta, amma ba ta jin Hausa. Kai ka taɓa harbin Buzu don ya kira ka da sunan mace?"

Jaɓɓi ya ce, "To jinin ƙanena fa?"

"Ba shi hannunta. Sauke kwarin ga, cikin zauren mutane kake."

Ya ɗan jima kafin ya sauke. Ya jingine shi a bango, ya kau da kai.

Ban san inda na samu ƙarfi ba, na ce, "Baba, to Nomau? Tun da kun ji gaskiya, a aika ya dawo. Ni za ni rubuta wata takarda a karanta a kasuwa."

Duk suka ɗago a tare. Kawu ya daka mani tsawa in yi shiru. Sarkin Baka ya ce, "Kada ki ƙara rubuta muna komi. Kasuwa ukku sunka ji sunan Nomau. Ni za ni bi kowa gida in gyara? Ko ya dawo, ɗiyanai ba su samun aure ƙasag ga. Bar shi inda ya ke."

Ya miƙa hannu, Kawu ya taimaka masa ya tashi. Ladan ya fara kiran la'asar a masallacin bayan gida. A bakin ƙofa ya tsaya, bai dube ni ba, Kawu ya yi wa magana.

"Arzika, mai da ɗiyakka Isa, ko gobe. Ta shiga kasuwa, ta ɗebi ruwa gulbi, ba mai taɓa ta. Na hwaɗa ma maharba duka. Mu ba mu kama baƙo da laihin magana."

Kawu ya yi ta godiya har ƙasa. Matarsa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, ta rungume ni tana cewa na tsira, na tsira. Ni ina durƙushe inda nake. A Isa aka binne cibiyata, a bayan ɗakin kakata.